Tsakuwar matsarmama da juna biyu: a yi aikin yanzu ko a jira haihuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Cikina wata biyar, haihuwa ta huɗu. Sau uku ke nan wani ciwo yana turnuƙe ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya zagaya har allon kafaɗa, ga amai. An daɗe ana ba ni maganin olsa, sai makon jiya hoto ya nuna tsakuwa a matsarmama. Likitan ya ce gara a cire. Surukata ta ce ba a taɓa mai ciki da wuƙa, maigidana kuma ya rasa ta cewa. Me zan yi idan ciwon ya tashi, kuma in yarda da aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya sawwaƙe, ya sauke ki lafiya. Ban gan ki ba, ban kuma ga takardar hotonki ba, saboda haka maganar ƙarshe tana hannun likitan da ya duba ki. Amma a kan abin da kika faɗa, wato tashi uku kuma ciki yana wata biyar, ni ma shawarar da zan bayar ke nan, a cire. Zan faɗi dalili, domin ki samu abin da za ki riƙe idan kun zauna da Hajiya da maigidan.

Matsarmama, wadda wasu ke ce wa maɗaciya, duk macen da ta taɓa gyaran kaza ta san ta. Ita ce 'yar jakar nan koriya da ke manne da hanta, wadda ake lallaɓawa a cire don kada ta fashe ta ɓata naman. A jikin mutum ba ita ke yin ruwan ɗacin ba, hanta ce ke yi, kamar rabin lita ko fiye a kowace rana. Ita matsarmama rumbu ce kawai, abin da take ɗauka bai fi cokalin cin abinci uku zuwa huɗu ba. Da abinci mai maiƙo ya isa hanji sai ta matse, ta feso ruwan ta wani siririn bututu don a narkar da kitsen.

Juna biyu yana ɓata wannan tsari ta fuska biyu. Sinadarin istirojin da ke ƙaruwa a jinin mai ciki yana sa hanta ta riƙa zuba kitsen kolestarol da yawa cikin ruwan ɗacin, sai ya yi kauri. Shi kuma furojestaron, wanda aikinsa shi ne kwantar da mahaifa don kada ta matse kafin lokaci, ba ya tsayawa a mahaifa kaɗai. Yana sanyaya hanji, shi ya sa bayan gida ke yi wa mai ciki wuya, yana kuma sa matsarmama kasala, ba ta juye abin da ke cikinta duka. Ruwa mai kauri da ya kwana a wuri ɗaya, kin san sauran, kamar ƙullun kamu ne idan ya kwanta. Da farko laka ce, daga baya ta dunƙule ta zama tsakuwa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya bi mata fiye da 3,000 da na'urar hoto tun daga farkon ciki, ya samu kusan mace ɗaya cikin goma ta yi sabuwar laka ko tsakuwa kafin 'yan makonni bayan haihuwa. Amma waɗanda abin ya yi wa ciwo ba su fi ɗaya cikin ɗari da 'yan kai ba. Yawan haihuwa yana ƙara haɗarin, haka ƙiba. Masu sikila kuma nasu dalilin daban ne: jininsu yana yawan fashewa, suna yin baƙar tsakuwa tun suna ƙanana, ko da ciki ko babu.

Ciwon da kike ji yana zuwa ne idan jakar ta matse, tsakuwa ta toshe bakinta. Shi ya sa yakan biyo bayan ƙosai, soyayyen nama, tuwon da aka malale da man shanu, kuma sau da yawa da dare. Yana hawa da sauri, ya tsaya cak a sama na rabin awa zuwa awa huɗu ko biyar, sannan ya saki idan tsakuwar ta koma ciki. Mai shi ba ta iya zama wuri ɗaya, ta durƙusa, ta miƙe, ta dafa bango. Olsa da ƙwannafi sun fi kama da ƙuna a ƙahon zuci, kuma maganin alli da ake sha yana ɗan lafar da su. Wannan ko kin shanye kwalba ba zai ji ba. A nan ne nake da ƙorafi da mu ma'aikatan lafiya: duk ciwon da ya kama sama da cibiya mun sa masa suna olsa, mai ciki kuwa sai a ce laulayi ne. Akwai kuma wani kuskure da ba laifin kowa ba ne. Hoton da ake yi a wajen awo jariri yake dubawa, da mabiyiya da ruwan mahaifa, ba ya hawa sama wajen hanta sai an nema. Na ga mace ta zo da takardun hoto huɗu a leda, kowacce ta ce lafiya lau, alhali ba wanda ya ɗora na'urar a ƙarƙashin haƙarƙarinta. Hoton matsarmama a rubuce ake nemansa, kuma ana zuwa ne bayan awa 6 zuwa 8 ba a ci komai ba, don jakar ta cika a gan ta sosai. Ba ya cutar da jariri ko sau nawa aka yi, da sauti yake aiki.

Idan ciwon ya tashi kina gida, abu na farko ki daina ci. Duk lomar da ta shiga tana ƙara sa jakar matsewa a kan tsakuwar. Ki riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Ki sha farasitamol ƙwaya biyu na miligiram 500, za ki iya maimaitawa bayan awa shida, amma kada ki wuce ƙwaya takwas a kwana ɗaya. Tsumma mai ɗumi a kwiɓi ko a baya yana taimaka wa wasu, mai ɗumi na ce, ba mai ƙuna ba. Ki duba agogo ki riƙe lokacin da ya fara, wannan shi ne abin da za mu fara tambayarki a asibiti.

Abin da ba za ki yi ba shi ne aika yaro kemis ya sayo "maganin ciwon jiki mai ƙarfi". Abin da za a ba shi galibi diklofenak ne, ko ibufurofen, ko Feldene, ko haɗin ƙwayoyi a ƙulle a leda waɗanda ba wanda ya san sunansu. Gaskiya ne wannan rukunin yana kashe ciwon matsarmama sosai, ga wadda ba ta da ciki shi muke fara bayarwa. Amma daga mako na 20 yana iya taɓa ƙodar jariri ruwan mahaifa ya ragu, daga wajen mako na 30 kuma yana iya rufe wata jijiya kusa da zuciyar jariri wadda bai kamata ta rufe ba sai bayan haihuwa. Ke yanzu kin shiga wannan zangon. Tiramadol da kodin ma ba na sha da ka ba ne. Idan farasitamol ya kasa, a asibiti akwai allurai masu ƙarfi da ake yi wa mai ciki ana lura da ita, ga ƙarin ruwa da maganin amai.

Yanzu ga iyakar zaman gida, kuma ina so maigidan ya karanta wannan wurin da kansa. Ciwon da ya kai awa biyar zuwa shida bai saki ba ya daina zama tashin tsakuwa kawai, mai yiwuwa jakar ta kumbura ta fara ruɓa. Zazzaɓi, musamman mai zuwa da rawar sanyi, ba a kwana da shi. Idan ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar ruwan shayi, bayan gida ya yi fari-fari, to tsakuwa ta fita daga jakar ta toshe babban bututun. Idan ciwon ya koma tsakiyar ciki yana huda baya, amai ba tsayawa, har ba ki iya kwanciya rigingine sai kin duƙa gaba, ana tsoron ta toshe bakin fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda bututunta da na ɗaci suke haɗuwa a ƙofa ɗaya kafin su shiga hanji. Tsakuwar matsarmama ita ce kan gaba wajen kumbura wannan gaɓa ga masu ciki, kuma kumburin na iya taɓa uwa da ɗa. Haka nan idan mara tana ɗaurewa tana saki, ko kin ga jini ko ruwa, ko motsin jariri ya ragu, ko ruwa ma ba ya zama a cikinki. Kowanne daga cikin waɗannan na tafiya ne a daren, ba a jiran asuba.

Akwai wani tarko da ya fi duk waɗannan ba ni tsoro. Daga ranar da aka ce wa mace tana da tsakuwa, duk ciwon da ya zo gefen dama sai a ce tsakuwar ce, a gida da asibiti. Alhali hawan jinin masu ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga, shi ma yana kawo ciwo a daidai wannan wurin, domin yana kumbura hanta. Yana farawa ne daga mako na 20 zuwa sama, har bayan haihuwa. Na tuna wata mai ciki wata takwas da aka kawo mana da takardar hoton tsakuwa a hannun mijinta, yana cewa ai tsohon ciwonta ne, allura kawai za a yi mata su koma. Ungozomar da ke aiki a daren ta ce a bari ta gwada jini tukuna. Ya haura 170. Da aka tambaye ta, ashe tun la'asar kanta ke sarawa, tana ganin wasu taurari-taurari, zoben hannunta ya ƙi fita. Tsakuwar tana nan, amma ba ita ta kawo ta ba. Saboda haka duk lokacin da kika je da wannan ciwon, kada ki fito sai an gwada jininki an duba fitsari. In ya kai 140 bisa 90, magana ta canza.

Ciwon shawara ma haka. Rawayar ido ga mai ciki ba lallai tsakuwa ba ce, kuma ba ta jiƙon rawaya ko sassaƙe ba ce. Akwai ciwon hanta nau'in E da ake ɗauka a gurɓataccen ruwa, wanda ga sauran mutane yakan wuce da kansa, amma ga mai tsohon ciki yana iya kashe kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar. Ya yi ɓarna a yankin Diffa da Borno a 2017. Akwai nau'in B, akwai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, akwai wata cutar ɗaci ta masu ciki da ke zuwa da ƙaiƙayin tafin hannu da na ƙafa cikin dare. Gwajin jini da hoto ne ke rarrabe su. Wani abu kuma, idan kin karɓi sakamakon gwajin hanta kika ga an ja layi a ƙarƙashin ALP, wani sinadari da ake aunawa a jini wanda yakan hau idan bututun ɗaci ya toshe, kada hankalinki ya tashi tukuna. Mabiyiya ma tana samar da shi, yana hawa a kowane ciki mai lafiya.

Maganar abinci gajeriya ce, ko da yake ita aka fi tambaya. Ki rage suya da kitse: ƙosai, fanke, wainar da ta sha mai, soyayyar awara, fatar kaza, kitsen tsire da balangu, man shanu, madara mai maiƙo. Ki koma dafaffe da gasasshe, alala mai ɗan mai a maimakon ƙosai, kifi, wake, zogale, miyar kuka ko kuɓewa da cokali ɗaya na mai a maimakon ludayi. Ki ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, kada ki cika ciki ki kwanta. Kada kuma tsoro ya sa ki daina ci. Na sha ganin mata sun koma koko da ruwan shayi, su rame, jariri ya ƙi girma, alhali rama da sauri ita kanta tana ƙara tsakuwa. Dogon zama da yunwa ma haka, jakar ba ta juyewa, sannan a zo a buɗe baki da soye-soye. Idan azumi ya riske ki a wannan hali, ki yi magana da likitanki da malaminki, sauƙin da aka yi wa mai ciki da marar lafiya sananne ne. Amma in gaya miki gaskiya, kiyaye abinci yana rage yawan tashin ne kawai, ba ya narkar da tsakuwar da ta riga ta ƙullu.

Za a kawo miki labarin wankin matsarmama, a ce ki sha rabin kofi na man zaitun da ruwan lemon tsami ki kwanta, da safe ki ga tsakuwoyi kore a bayan gida. Za ki gan su kuwa, amma ba daga matsarmama suka fito ba. An taɓa kai irinsu ɗakin gwaji, aka samu man ne da lemon suka haɗu da ruwan hanji suka dunƙule kamar sabulu. Man zaitun abinci ne mai kyau, ba ni da ja. Sai dai rabin kofi a tashi ɗaya shi ne mafi ƙarfin abin da zai sa jakar ta matse, ta tura ƙaramar tsakuwa cikin bututu. Ƙanana ai su ne masu shiga inda babba ba ta iya shiga.

To, mu zo kan aikin. Tsoron Hajiya ba na banza ba ne. A zamaninsu aikin ciki yanka ne mai tsawo, maganin barcin ma ba irin na yanzu ba, kuma likitocin da kansu abin da aka koya musu ke nan, a lallaɓa har a haihu. Abin da ya sauya ra'ayin likitoci shi ne bin diddigin matan da aka lallaɓa ɗin. Wadda ciwon ya fara mata a farkon ciki ko tsakiyarsa, fiye da rabi yana dawo musu kafin haihuwa, wasu sau da yawa, kuma kowace dawowa dama ce ta kumburi, toshewar bututu ko ciwon fankiriyas. Zazzaɓi mai zafi, rashin ruwa a jiki da ruɓa a cikin ciki su ne ke tayar da naƙuda kafin lokaci, fiye da aikin da aka shirya aka yi cikin natsuwa. Cire matsarmama shi ne aiki na biyu da aka fi yi wa masu ciki a cikin ayyukan da ba na haihuwa ba, bayan cire afendis. Ba sabon abu ba ne.

Lokacin da aka fi so shi ne tsakiyar ciki, daga mako na 14 zuwa wajen na 27. Halittar jariri ta kammala, lokacin da ɓari ya fi yawa ya wuce, mahaifa kuma ba ta taso ta tare wurin ba. Ke kina tsakiyar wannan lokacin, kuma ba zai jira ki ba. Idan ciki ya shiga wata bakwai zuwa takwas aikin yana ƙara wuya, haɗarin haihuwar bakwaini yana ƙaruwa, shi ya sa wadda ciwonta ya fara a ƙarshen ciki, kuma mai sauƙi ne, mukan lallaɓa ta ta haihu tukuna. Wadda aka ga tsakuwa a hoto amma ba ta taɓa yi mata ciwo ba, ba a taɓa ta sam. Wadda ya tasar wa sau ɗaya ya lafa, ana iya sa ido. Idan kuwa jakar ta ruɓe ko ta toshe hanya, ana yin abin da ya kamata ko a wane wata ne. Ke sau uku, ga wata huɗu a gabanki.

Yadda aka fi yin sa yanzu, huji ne ƙanana uku ko huɗu, a zura kyamara da siraran kayan aiki, a fito da jakar ta ɗaya daga cikinsu. Wani likita a Jamus ne ya fara yin sa ta wannan hanya a 1985. Ana yi a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Ana ɗan karkata mai ciki zuwa hagu don kada nauyin mahaifa ya danne babbar jijiyar jini, a saurari bugun zuciyar jariri kafin a fara da bayan an gama, kuma ba a shiga mahaifa ko kusa. Galibi kwana ɗaya zuwa uku ake yi a gado. Inda babu wannan na'urar, yanka a ƙarƙashin haƙarƙarin dama shi ma hanya ce karɓaɓɓiya, jinyar ce ta fi tsawo. Idan ana zargin tsakuwa a cikin bututu, akwai hoton MRI da ake yi ba tare da allurar rini ba, akwai kuma hanyar zura tiyo ta baki a ciro ta, a wuraren da ke da kayan.

Ba zan ce miki babu haɗari ba. Mahaifa na iya ɗan motsawa bayan aiki, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa idan an daɗe a kwance, shi ya sa ake tayar da mace ta taka da wuri, kuma akwai raunin babban bututun ɗaci, wanda bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Saboda haka ki tambayi likitan kai tsaye: ya saba yi wa masu ciki? Akwai likitan mata da zai duba ki kafin aiki da bayansa? Wa zai ba da maganin barci? Idan amsoshin ba su gamsar ba, ki nemi takardar tura ki babban asibiti, ba raini ba ne. Ku je da Hajiya ranar ganin likita in za ta yarda. Abin da ta ji da kunnenta ya fi abin da za a kawo mata a baki, kuma kada ke ki zama mai musu da ita, maigidan ne ya kamata ya ɗauki wannan nauyin.

Mutane kan tambaya me ya sa ba za a kwashe tsakuwar a bar jakar ba. Jakar da ta yi tsakuwa sau ɗaya za ta sake yi. Bayan an cire ta hanta tana ci gaba da aikinta, ruwan ɗacin yana gangarawa hanji kai tsaye. Wasu kan yi sakin ciki na ɗan lokaci idan sun ci maiƙo, yawanci ya daidaita. Ba ta hana haihuwa ta hanyar da aka saba, ba ta hana shayarwa, ba ta hana wani cikin.

Idan kuma bayan duk wannan kuka zaɓi jira, to a yi jiran da shiri: kuɗin mota da na asibiti a ajiye, a san wanda zai kai ki cikin dare, takardar hoton tana cikin jakar awonki. Kada a ɗauka haihuwa ce ƙarshen magana. Laka takan wanke da kanta ga kamar mata shida cikin goma bayan haihuwa, ƙananan tsakuwoyi kuwa kamar uku cikin goma ne ke ɓacewa, kuma wadda ta riga ta yi ciwo sau uku ba a sa ran tata ta tafi. Watannin farko bayan haihuwa ma lokaci ne da ciwon ke yawan tashi, ga shi ya haɗu da abincin jego, farfesun ƙafar sa, gasasshen nama, kunu da man shanu, ana ɗura wa maijego don ta yi ƙarfi ta samu nono. Ki gaya wa mai kula da ke tun yanzu a rage maiƙon. Aikin kuma a sa masa rana kafin a sallame ki daga asibitin haihuwa, yawanci bayan kamar mako shida, wato da kin yi arba'in.